Taurarin Yaya Mansur da Amalanken Alhamis

Kusan shekara shida ke nan da rasuwar yayana Mansur. Ba malami ba ne, ba attajiri ba, ba kuma wanda za ku ce kun taɓa jin sunansa. Mai ɗaura dish ne a unguwannin Makka, daga Tandabawi inda aka haife mu har Utaibiyya, da duk rufin da aka kira shi ya hau. Na faɗi wannan tun da wuri domin mai neman tarihin babban mutum ya juya shafi. Ba na son ɓata wa kowa lokaci, kamar yadda ba na son a ɓata mini nawa.

Shekarun baya ban rubuta komai a kansa ba. Idan ranar ta zagayo, Umma takan dafa shinkafa da yawa a kai wa masu sharar layinmu, ni kuma in wuce aiki. Bana ce ta bambanta. Bana abin da ya yi ta jira ya iso har cikin ɗakinmu, kuma wadda ta tsaya a bakin ƙofa ta tare shi ni ce, ƙanwarsa. Ba tsohon zance ba ne da na huce a kansa. Watan jiya ne.

Sai na fara da Umma, in ba haka ba ba za ku gane Yaya ba. Umma 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Damagaram, can arewa inda gonaki suke ƙarewa rairayi ya fara. Tana amarya ta biyo Baba da niyyar aikin Hajji. Suka ratsa Chadi, suka zauna a Sudan suna aikin gona har suka samu hanyar ƙetaro teku. Sun yi Hajjin, ba su koma ba. Labarin rabin mutanen layinmu ke nan. Baba ya rasu ina ƙarama. Mahaifiyar Umma, wadda duk muke kira Inna ko da yake ba mu taɓa ganinta ba, tana can ƙauyen. Rabon Umma da ita ya fi shekarun da Yaya ya yi a duniya.

Za ku ce me ya hana ta zuwa ta dawo. Irin zaman da muke yi a nan, da irin takardun da ke hannun Umma, wanda ya fita ya fita ke nan. Wanda ya zauna a Makka ya san abin da nake nufi. Wanda bai zauna ba ya yarda da ni kawai, ba ni da haƙurin bayanin takardar zama ta iƙama da kafilin da ke tsaya wa baƙo.

Waya kuma babu. Ƙauyen ba shi da sabis, garin da suke cin kasuwa ma ba shi da shi. Abin da muke da shi sallahu ne. Idan lokacin Hajji ya zo, Yaya yakan bi masaukan alhazan Nijar yana tambaya ko akwai na wajen su Umma. In an dace, wani tsoho zai buɗe jaka ya fito da kaset a naɗe cikin tsumma, daga baya ya koma ɗan memori a cikin ledar magani. Muryar Inna ce a ciki, tana gaisuwa, tana faɗin wanda ya mutu da wadda ta haihu, tana yi wa Umma faɗa kan ta riƙa shan kunu da safe. Murya ce mai ƙarfi, ta macen da ta saba a bi maganarta. Umma takan yi ta sauraronta har shekara ta zagayo. Mu ma mu ɗauki namu mu ba alhajin ya koma da shi. Wata shekarar ba a samun kowa daga can, sai mu ci gaba da jin ta bara.

Yaya sikila ne. Likita ya hana shi rana, ya hana shi hawa sama, ya hana shi gajiya, shi kuma ya zaɓi sana'ar da ta haɗa ukun. Idan ciwon ya kayar da shi yakan yi kwanaki a kwance, robar ruwan zafi a gwiwa, waya a kan ƙirji. A irin wannan kwanciyar ce ya kamu da kallon harba roka. Samari suna kallon ƙwallo, shi yana kallon wani dogon ƙarfe a tsaye a bakin teku a wata ƙasa, tururi yana fita daga jikinsa, ana ƙirga daga goma zuwa ɗaya. Sau da yawa a fasa saboda iska, ya ja tsaki kamar motarsa ce ta ƙi tashi. Abokansa suka sa masa Muhandis, wato injiniya, kuma ba don girmamawa ba. Shi kuma ni yake ce wa Hajiya Sauri.

Wata safiya muna cin ful da tamis, wato dafaffen wake da burodi, ya ce yau sai ya fahimtar da ni. Ya nuna ƙwan lantarkin da ke silin ya ce wancan shi ne tauraron talabijin. Yana can nesa ƙwarai, a tsaye wuri guda, shi ya sa idan ya saita dish ya ɗaure shi, shi ke nan. Sannan ya nuna ƙudajen da ke shawagi a kan tire. Ya ce sababbin haka za su kasance, ƙanana, kusa da ƙasa, suna gudu ba tsayawa, kafin wannan ya wuce wani ya iso. Ba ruwansu da ko akwai titi, ko an kafa ƙarfen sabis ko ba a kafa ba. Duk inda akwai sama, akwai su. Na ce masa to madalla, ƙudaje za su kai wa Inna intanet, ya miƙo mini man zaitun. Ina sanawiyya lokacin, wato sakandare, ina ganin na fi kowa wayo.

Ranar da aka harba na gwaji na farko, bayan La'asar ne. Guda biyu ne kacal, an goya su a jikin wani babban tauraro kamar 'yan rakiya. Yaya ya taso daga katifa yana ɗingishi, ya kai wa Umma wayar har inda take tsintar shinkafa. Umma ba ta kallon Yaya ido cikin ido, ba ta kuma kiran sunansa, ɗan fari ne. Yaron nan take cewa. Ya durƙusa ya ce:

"Umma, dubi. Waɗannan na gwaji ne. In suka yi aiki za a harba dubbai. Wallahi za ki ga Inna a wayar nan, tana motsi tana magana. Ba sai kin je ba."

Umma ta kalli wutar da ke tashi a fuskar wayar ta ce Allah ya nuna mana. Sannan ta juyo wajena ta ce in gaya wa yaron nan ya sha ruwa, leɓensa ya bushe. Yana durƙushe a gabanta fa.

Daga ranar ba abin da ya wuce shi. Wanne ya isa inda aka aika shi, wanne ya lalace, wanne aka bari ya faɗo ya ƙone a hanya. Da aka harba ayarin farko mai yawa, mutane a wasu ƙasashe suka ɗauki hotonsu suna wucewa a jere kamar carbi mai haske. Yaya ya ja ni rufin gidanmu bayan Magariba mu gani da idonmu. Ba mu ga komai ba. Fitilun otal-otal sun wanke saman Makka fes, wata ma da ƙyar yake yin fice. Na ce zafi ya ishe ni na sauko, na bar shi wuya a sama.

A shekarar ya karɓi aikin Arfa, jan waya a cikin tantuna kafin alhazai su iso. Kusan kowane gida a unguwarmu akwai mai zuwa irin wannan aikin, da shi ake rufa asirin sauran watanni. Ya dawo idanunsa sun yi rawaya. Aka kai shi asibiti, bai fito ba. Alhazai ba su gama komawa ba ya rasu. Sallahun wannan shekarar ni da Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, muka kai shi masauki. Labarin mutuwarsa ne a ciki.

To, ga bana.

Wata Alhamis da rana kiran bidiyo ya shigo mini daga lambar da ban sani ba. Saura kaɗan in katse, na ɗauka masu talla ne. Na ɗaga sai ga wani mutum da rawani, bayansa hayaniyar kasuwa da kukan awaki, yana ta sallama da ƙarfi kamar daga ƙetaren kogi yake kira. Kawu Ilu ne, ƙanin Umma, wanda ta bari yana yaro. Lambata a cikin sallahun bara ya same ta. Ya ce wani ɗan kasuwa a garin da suke cin kasuwa ya sayo wani farin abu shimfiɗaɗɗe kamar tire, ya ɗora a kan rumfarsa ya haɗa da sola, yanzu daga nan ana kiran ko'ina a duniya. Ya ce Alhamis mai zuwa zai ɗoro Inna a amalanke ya kawo ta.

Na zauna a ƙasa. Ƙudajen Yaya ne. Muhandis ya yi gaskiya, kuma ba ya nan balle ya yi mana gori.

Ranar Umma ta yi wanka tun safe, ta sa kayan Salla, har turare ta shafa, na ce mata Umma ba ya wucewa ta waya. Ba ta kula ni ba. Da kiran ya shigo, na ga wata 'yar tsohuwa a kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta shige cikin mayafinta kamar yarinya. Ta buɗe baki sai ga muryar kaset, ba abin da ya ragu. Muryar ba ta tsufa ba. Mai muryar ce ta tsufa, ba wanda ya gaya mana.

Abin da ta fara yi ta'aziyya ce. Shekara biyar da wani abu da mutuwar, amma a wurinsu ba a gama gaisuwar mutuwa ba sai an haɗu. Ta ce ya haƙurin maigidana, haka take kiran Yaya da wasan jika. Ta ce ya dace, ƙasar Makka ta rufe shi. Umma ta ce da godiya. Sai na lura Inna tana ta juya wayar, tana kai ta daf da fuskarta tana mayarwa. Kawu ya rage murya ya ce yanar ido ce ta rufe mata gani, an jima, ba su so su faɗa a sallahu ba.

"Dije, ina jin ki," in ji Inna, "amma duhu nake gani. Matso."

Umma ta matso har hancinta ya kusa taɓa wayar. Inna ta ɗora yatsunta a kan gilashin tana shafawa, tana neman fuskar 'yarta. Yatsan ya sauka a kan jan maɓalli, kiran ya katse.

Kawu ya sake kira, an yi hira, an yi dariya ma. Bayan an gama Umma ta daɗe a zaune da kayan Sallarta. Na ɗauka kuka za ta yi. Ba ta yi ba. Ta ce:

"Zaninta a baibai yake. Ba wanda ya gaya mata."

Ni ban ma lura ba. Matar Kawu ta rasu, ba mace a gidan, wannan mun sani tun daga sallahu. Amma sani daban, ganin uwarka a tsakiyar kasuwa da zani a baibai daban.

A nan Yaya ya yi kuskure, Allah ya jiƙansa. Ya ɗauka ciwon Umma rashin gani ne, idan ta gani za ta warke ta zauna. Bai san kaset ne yake zaunar da ita ba. A kaset Inna tana nan da ƙarfinta, tana ba da umarni, ba ta bukatar kowa. Rokokin da ya yi ta yi wa addu'a su ne suka kawo wa Umma abin da ba za ta iya gani ta ci gaba da zama ba. Da yana nan, ban san yadda fuskarsa za ta yi ba. Ina jin zai tashi ne ya fara tambayar kuɗin jirgi. Haka yake. Idan saiti bai yi ba ba ya jayayya da dish, sake hawa yake yi.

Ni ba haka nake ba.

Alhamis ta uku ko ta huɗu Umma ta ce za ta tafi. Ba shawara ta nema ba, faɗa mini ta yi, tana wanke kofuna. Fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa. Ta ce in zan bi ta bismilla, in ba zan bi ta ba ga gidan Gwaggo Asabe a Utaibiyya. Na ce mata ni ina zan je? A nan aka haife ni. Idan na fusata da Larabci nake zagi. Ban taɓa jan ruwa a rijiya ba, ban san yadda gero yake a gona ba. Ta ce ta sani, shi ya sa ba ta ce dole ba.

Yanzu duk harkar fita a waya ake yinta, Umma kuma ƙaramar waya mai maɓallai ce da ita. Sai ta hannuna. Na ce gobe. Goben ta zo na ce shafin ba ya buɗewa. Wannan ƙarami ne.

Ina aiki a mashgal, wato wajen gyaran mata, lalle da kwalliyar amare. Alhamis ranar cunkoso ce a wurinmu, amma tun da kiran ya fara na roƙi uwar ɗakina ta bar mini yinin, ta yarda. To ni da ƙafata na koma na ce ta mayar da ni. Na riƙa fita da wayar. Ina riƙe da hannun wata amarya ina zana mata fure na ga sunan Kawu yana haske a kan tebur. Na sa gwiwar hannu na kife wayar. Ta yi ta rawa a kife har ta gaji.

Da na dawo Umma ta tambaya, na ce ba su kira ba, wataƙila sabis ne. Mako na gaba ta sake tambaya. Kun san abin da na ce? Na ce ai taurarin nan har yanzu gwaji ake yi, ba a kammala ba, wani lokaci sukan ɗauke. Da bayanin Yaya na yi ƙaryar. Kalmominsa na ɗauko, waɗanda ya koya mini a kan tiren ful, na toshe hanyar da su. A raina ina cewa idan ta yi makonni ba ta ga zanin nan ba, zai dushe, za ta koma yadda take.

Ba zan ce muku don ita na yi ba. Na gwada gaya wa kaina haka: can ba asibiti, Umma tana da hawan jini, tafiyar da nisa. Duk gaskiya ne, kuma duk ba shi ne dalilin ba. Dalilin shi ne Baba ya tafi, Yaya ya tafi, ba na son in buɗe ƙofa da yamma in tarar ba kowa. Akwai ranar da na ga an nuna wata rokar wani kamfanin daban tana tashi da nata taurarin, na ji a raina ina ma tun na farkon nan biyu sun faɗa teku. Ƙanwar Mansur ce ta yi wannan tunanin.

Umma ba ta dushe ba. Ta fara raba kayanta. Tukunyar nan ta maƙwabciya, bargon nan na wance. Wata Juma'a na tarar tana ninke zannuwa, tana ware masu taushi gefe guda, na san na wa ne. Sai na jefa mata abin da na ɓoye don ranar ƙarshe. Na ce:

"Yanzu tafiya za ki yi ki bar kabarin Yaya?"

Ga wanda bai sani ba, a nan mata ba sa zuwa maƙabarta, kuma ba a rubuta suna a kan kabari. Maza suka ɗauke shi daga Harami suka tafi, suka dawo ba shi. Ko yau ka ce su nuna wurin ba lalle su iya ba. Na san wannan sarai lokacin da nake maganar.

Umma ba ta ɗago ba. Ta gama ninke wanda ke hannunta ta ce:

"Wane kabari? Kin taɓa ganinsa? Ni ban gani ba. Yaron nan ba ya bukatar a ɗaura masa zani."

Na shige ɗaki na bugo ƙofa.

Abin da ya karya ni ba maganar Umma ba ce. Saƙon murya ne da Kawu ya bari, wanda na ƙi buɗewa har kwana biyu. Na yi zaton faɗa ne, na ma shirya amsa. Ba faɗa a ciki. Gaisuwa ce doguwa, sannan ya ce sun zo ba a dace ba, Allah ya sa lafiya. A cikin zancen, ba da wata manufa ba, ya faɗi yadda suke yi. Daga sallar Asuba yake ɗaura wa shanu amalanke, ya shimfiɗa wa Inna buhu da bargo saboda ƙashinta. Sai rana ta take suke isa. Ta zauna a rumfar ɗan kasuwar, kowa ya zo ya yi kiransa ya tafi, tana tambaya ko nata ne. Sai kasuwa ta watse suke juyawa. Ya ce Inna ta ce a gaya wa Najatu kada ta damu, ta san aiki ne. Ta ce a da shekara guda take jira, yanzu mako ɗaya ne kawai, ina abin damuwa.

Najatu ni ce. A bayan gidan mashgal na saurare shi, da lalle a yatsuna. Tsohuwar da ba ta gani, a kan amalanke, cikin rana, Alhamis bayan Alhamis, ni kuma ina zana fure.

Da yamma na gaya wa Umma. Na so ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ta ce ta sani, wayata ba ta taɓa rasa sabis ba sai ranar Alhamis. Na ce to me ya sa ba ki yi magana ba? Ta ce ta ga ina tsoro ne, kuma mai tsoro ba a yi masa ihu. Sannan ta ce in kawo wayar mu fara. Shafin ya buɗe nan take, ba abin da ya taɓa samunsa.

Bayan Babbar Salla za ta tafi. Ni zan koma gidan Gwaggo. Inna ba ta san abin da na yi ba, Umma ta hana a faɗa mata. Alhamis ɗin da ta wuce har addu'a ta yi mini, ta ce Allah ya ba ni miji mai haƙuri, Kawu yana dariya a gefe. Na ce amin da ƙyar.

Yanzu harba roka ya zama ruwan dare, ba mai waiwayawa. Wasu kamfanonin suna nasu gwajin, wasu sun wuce nan tuni. Nakan ga labarin ya gifta a waya tsakanin tallan abaya da girke-girke. Da Yaya yana nan da bai bar ko ɗaya ba, da har yanzu yana tsaki idan iska ta hana. Nakan tambayi kaina me zai ce da ni. Ba mai faɗa ba ne. Ina jin kallona kawai zai yi, irin kallon da yake yi wa wayar da wani ya haɗa a karkace, sannan ya ce yalla, mu gyara. Wannan ya fi zagi ciwo.

Me ya rage na Mansur? Dish ɗin da ya ɗaura yawanci sun yi tsatsa, mutane a waya suke kallo yanzu. Wasu rufin ma babu su, an rushe an yi titi. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Bai ƙera roka ba, bai ma taɓa ganin taurarin da idonsa ba. Abin da ya bari shi ne ya sa wa Umma rai. Shi kaɗai ne a gidanmu ya ɗauki kewarta a matsayin abin da ake iya yi wa magani, lokacin da mu duka muka ɗauke ta kamar zafin gari, abin da ake zama da shi kawai. Maganin bai zo yadda ya zata ba. Ya zo dai, kuma zai raba ni da uwata. Ina ƙoƙarin in yafe masa wannan, in kuma yafe wa kaina wancan. Na farkon ya fi sauƙi.

Juma'ar da ta wuce na raka Umma Harami sallar La'asar. Ana sallamewa na miƙe na ɗauki takalmana, don in ka yi jinkiri kaɗan motar unguwa ta cika. Sai aka yi kiran da ake yi bayan kusan kowace salla a nan, na sallar gawa. Ba a faɗin suna, ba ka sanin ko wane ne, ko daga wace ƙasa. Umma ta riƙe gefen abayata.

"Ranar da aka kawo yaron nan," ta ce, "waɗanda ba su san shi ba ne suka tsaya masa. Tun ranar ban taɓa fita ba sai na tsaya wa na wasu. Can babu wannan. Ke za ki riƙa tsayawa."

Salla ce da ba ruku'u ba sujada, ba ta da tsawo ko kaɗan. Shekara shida ina wuce ta da sauri. Na ajiye takalman na shiga sahu kusa da ita, kafaɗata tana taɓa tata. Da muka fito motar ta tafi. Muka tsaya a rana muna jiran wata motar, ban yi ko tsaki ba.